Hitar wanka ta lantarki ko ta gas: a duba gida kafin a je kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin magidanta a kan hitar wanka marar tanki, wadda ke ɗumama ruwa nan take yayin da yake ratsa ta, ganin yadda jama'a ke rububin sayenta a Kaduna duk lokacin da hunturu ya kunno kai. Sana'ata haɗa wayoyin lantarki a gidaje, kuma abin da ke damuna shi ne yawancin mutane farashi da kyawun kwali suke kallo, ba sa tambayar ko gidansu zai iya ɗaukar abin da suka saya.

Ta lantarki ta fi araha wajen saye, ba ta da girma, kuma ba ta fitar da hayaƙi, amma cin wutarta ba na wasa ba ne. Mai ƙarfin kilowat 5.5, wadda ake ɗauka matsakaiciya, tana jan kusan amfiya 24 a kan wutarmu mai bolt 230, wato abin da ƙaramin janareto ko inbatar sola ta gida ba za su iya ɗauka ba. Duk da wannan ci, idan ruwa yana zuba lita 4 a minti ɗaya, digiri 20 kawai za ta ƙara masa, don haka ruwan da ya kwana a tankin sama cikin sanyin Janairu da ɗumi-ɗumi zai fito. Sannan tunda ba ta ajiye ruwan zafi, in aka ɗauke wuta da asuba, daidai lokacin da yara ke shirin makaranta, ba ta da wani amfani. Na sha shiga banɗakin da aka jona irin wannan hita a soket ɗin da aka yi domin fanka ko talabijin, na tarar robar wayar ta narke, murfin soket ya yi baƙi, maigida kuma yana cewa ai wari kaɗan ne kawai yake ji. Irin wannan na'ura tana buƙatar layinta daban tun daga akwatin fiyus, da waya mai kaurin milimita sukwaya 4 ko 6 gwargwadon nisa, da wayar ƙasa ta gaskiya, da makatsin da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo, domin mutum yana tsaye ne cikin ruwa babu takalmi.

A ganina, ga mafi yawan gidajen Kaduna da ba su kan layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta kuma ya fi biyan kuɗi, ta gas ta fi dacewa. Da yawansu batir biyu irin na tocila ke kunna su, ba ruwansu da ɗauke wuta, kuma zafinsu ya fi yawa. Wajen kuɗi ma lissafin a fili yake: kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kusa yunit 13 na lantarki, ko an cire wanda ke bin hayaƙi za a samu kamar 11, alhali tun Afrilun 2024 yunit ɗaya a Band A ya haura naira 200. Kowa ya kwatanta da farashin kilon gas a unguwarsu.

Na san mutanen garin nan suna tsoron gas, musamman bayan fashewar da aka yi a Sabon Tasha a Janairun 2020, kuma tsoron yana kan hanya. Sai dai babban haɗarin hitar gas ba fashewa ba ne, iskar guba ce da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma takan taru idan wuta tana ci a ɗaki rufaffe. A lokacin sanyi kowa toshe tagar banɗaki yake yi, mutum ya fara jin jiri da ciwon kai, kafin ya kai ga ƙofa ya faɗi. Saboda haka kada a yarda wani mai gyara ya kafa ta cikin banɗaki ko da ya rantse babu komai. A ɗora ta a bangon waje ƙarƙashin rumfa, da bututun fitar da hayaƙi, tukunyar gas ɗin ma a waje, a riƙa gwada tiyo da ruwan sabulu don gano yoyo.

Dukkansu biyun kuma, ta lantarki da ta gas, ba sa kamawa in ruwa ba shi da ƙarfi, kuma tankin da bai wuce mita 3 a saman shawa ba sau da yawa sai an ƙara masa ɗan injin turo ruwa. Ina kira ga masu sayar da kayan famfo da su riƙa tambayar mai saye tsawon tankinsa da yanayin wutar unguwarsa kafin su karɓi kuɗinsa.

Naka,
Wani mai aikin lantarki,
Tudun Wada, Kaduna.