Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Al'adu: Malaman Rawar Kudancin Indiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai Hausawa da ke karatu a Chennai da kewaye.

Kamar yadda babban taro ya ɗora wa kwamitin al'adu bara, mun shafe wannan shekarar muna bin diddigin rawar gargajiya ta kudancin Indiya da malaman da suka raine ta. Yawancinmu da fina-finan Indiya muka tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, mun san Hema Malini da Vyjayanthimala, amma kaɗan ne suka san dukansu Tamilawa ne da suka sha horon Bharatanatyam, rawar gargajiyar ƙasar Tamil, tun suna ƙanana.

Babban aikinmu shi ne ziyarar Kalakshetra, makarantar rawa da kiɗa da Rukmini Devi Arundale ta kafa a nan Chennai a 1936. A ajin sababbin shiga mun tarar da malama zaune a ƙasa tana buga ɗan sanda a kan guntun katako. Ɗalibai sun rage tsawo, gwiwoyi a buɗe, suna dukan ƙasa da tafin ƙafa daidai da bugun. Wannan tsayuwa ita ce araimandi. Samarinmu da suka gwada ta a waje ba su jima ba cinyoyi suka fara karkarwa.

Zaman da ya fi zafi shi ne na Rukmini Devi da Balasaraswati. A da, sunan rawar Bharatanatyam sadir ne, kuma matan devadasi da ake keɓewa ga wuraren bauta ne ke yin ta, har dokar lardin Madras ta 1947 ta hana keɓewar. Rukmini 'yar gidan Brahmin ce, wato ajin da ke sama a tsarin al'ummar Hindu. Ta koya a hannun Meenakshi Sundaram Pillai na Pandanallur, ta rage baitocin soyayyar da ta ga sun yi tsiraici, ta shigar da rawar aji, har 'ya'yan manya suka rungume ta. Balasaraswati kuwa, wadda aka haifa a 1918 ta rasu a 1984, 'yar gado ce, jikar makaɗiya Veena Dhanammal. Kandappa Pillai ne ya horar da ita, ta fara fita fili a Kanchipuram tana shekara 7. Ita ta dage cewa soyayyar da ke cikin rawar ba ta da dattin da za a wanke.

Zauren ya rabu biyu. Ra'ayin kwamiti shi ne Rukmini ta tsamo rawar daga wulakanci, amma 'yan gado ne suka biya kuɗin: aka karɓi sana'arsu, aka tura su gefe. Duk wanda ya san yadda ake jin daɗin kiɗan maroƙa a gida amma ake ƙin ba su aure zai gane zancen.

Kuchipudi, rawar gargajiyar yankin Andhra, ba ta samu lokacin da ya kamata ba. Zama ɗaya muka yi a kan Vempati Chinna Satyam, wanda ya buɗe makarantarsa a nan Chennai (Madras a lokacin) a 1963. Tafiyar da muka shirya zuwa Kerala Kalamandalam, cibiyar Kathakali (rawar wasan kwaikwayo ta jihar Kerala) da marubucin waƙoƙi Vallathol Narayana Menon ya kafa a 1930, ta faskara saboda ƙarancin kuɗi. Wasannin watan Disamba a Music Academy, cibiyar kiɗa da rawa ta Chennai, kuma sun ci karo da jarrabawar wasu daga cikinmu.

Wasu mambobi sun nuna rashin jin daɗi, ganin rawar na da alaƙa da bautar Hindu. Kwamiti ya girmama wannan ra'ayi. Halarta ganin dama ce, kuma tarihi da fasaha muke nazari.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu sake neman zuwa Kerala, mu kuma yi zama a kan 'yan'uwan nan huɗu na Thanjavur, Chinnaiah da Ponniah da Sivanandam da Vadivelu, waɗanda suka tsara jerin rawar Bharatanatyam a ƙarni na 19. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Waɗanda ake bi kuɗin ƙungiya, don Allah a biya kafin ranar.

Sakataren Kwamitin Al'adu