Dokokin Makarantun 'Ya'yan Maori

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan makarantun Maori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan. Dokar 1867 ta ce duk ƙauyen da ke son makaranta sai ya ba da fili, ya haɗa wani kaso na kuɗin gini da albashin malami, amma karatu da Turanci za a yi. Wato da kuɗinka a raba ɗanka da harshensa! Dattawa da dama sun ba da labarin shan bulala don sun yi yarensu a makaranta.

Al'ummar Maori ce ta buɗe Kura Kaupapa (makarantar da ake koyarwa da harshen Maori) ta farko a birnin Okland a 1985, sai 1989 doka ta amince da irinsu. Don Allah ku kawo mana rahoton yadda ake tafiyar da su yanzu.

Naku,
Malamin firamare, Zariya