Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mauricio Sulaimán, Shugaban Hukumar Dambe Ta WBC

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mun rubuto ne a kan musun da ba ya ƙarewa a bakin masoya dambe: wane ɗan dambe ne ya fi kowa a tarihi? Ba mu ce ka raba wannan gardama ba, ba ma so a raba ta. Roƙonmu shi ne hukumarka ta daina lalata ma'aunin da ake yin gardamar da shi. Ana iya auna Sugar Ray Robinson da Joe Louis da Henry Armstrong da Muhammad Ali domin an san da wa kowannensu ya sa zare, a wane nauyi, a kan wane kambu. 'Yan damben yau, har da waɗanda baiwarsu ba ta gaza ta magabata ba, an hana su wannan gata, kuma WBC na da hannu dumu-dumu a ciki.

A zamanin Armstrong ajin nauyi takwas ne kawai, kuma galibi kowane aji da zakaransa ɗaya. A Oktoban 1937 ya doke Petey Sarron ya karɓi kambun laba 126, wato kilo 57. A Mayun 1938 ya tsallake aji guda ya haura laba 147 ya ƙwace na Barney Ross. A Agustan shekarar ya sauko laba 135 ya karɓe na Lou Ambers. Kambu uku cikin takwas na duniya a hannun mutum ɗaya a lokaci guda. A 1937 kaɗai sau 27 ya shiga fage, duka ya ci, 26 daga ciki ba a kai turmin ƙarshe ba. Yau ajin nauyi 17 ne da kowa ya amince da su, manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kambu 68 ke nan tun kafin a ƙirga na riƙon ƙwarya da na azurfa da sauran ƙirƙire-ƙirƙire. Idan aka ce wane ya ci kambu a aji uku yanzu, sai an tambaya: na wace hukuma, kuma a hannun wa ya karɓa?

Abu na biyu da tsohon tsari ya koyar shi ne faɗuwa ba ta rage darajar gwani. Robinson ya yi dambe kusan 200, an doke shi sau 19, amma mafi yawan masana shi suke sa wa a gaba. Jake LaMotta ne ya fara kayar da shi a Fabrairun 1943, bayan mako uku suka koma fage Robinson ya rama. Sau shida suka kara, ya ci biyar. Randolph Turpin ya ƙwace masa kambun laba 160 a Landan a Yulin 1951, bayan kwana 64 ya karɓo abinsa a New York. Ali sau biyar ya faɗi. Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, dukansu ya sake neman su ya rama, sannan ya kwantar da George Foreman a turmi na 8 a Kinshasa a 1974. Shi ma Louis, wanda ya riƙe kambun manya, wato ajin da ya fi kowane nauyi, daga 1937 zuwa 1949 ya kare shi sau 25, daren da aka fi tunawa da shi dare ne na ramuwa: Max Schmeling ya buge shi a 1936, a 1938 bai bar Schmeling ya kai minti uku a tsaye ba. Ray Leonard da Roberto Durán da Marvin Hagler da Thomas Hearns sun kara da juna sau tara tsakanin 1980 da 1989, babu wanda ya fita ba tabo, kuma tabon ne shaidarsu.

Yanzu abin da ake sayarwa shi ne "ba a taɓa doke shi ba". Rocky Marciano ya bar fage da nasara 49 ba faɗuwa. Floyd Mayweather, wanda ba mai shakkar ƙwarewarsa wajen kare kai, ya wuce wannan adadi a 2017 da doke Conor McGregor, mutumin da bai taɓa yin damben boksin na ƙwararru ko sau ɗaya ba. Maimakon WBC ta ja jiki, sai ta ƙera wa wasan ɗamara ta musamman. A 2023 ma haka aka yi wa karawar Tyson Fury da Francis Ngannou, daga baya kuma aka sa Ngannou na 10 a jerin manya alhali damben boksin ɗaya ya taɓa yi, wanda ma alƙalai suka ba abokin karawarsa. Ya yi abin mamaki a daren, gaskiya ne, har ya kai Fury ƙasa. Amma akwai mutanen da suka shekara goma suna hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, aka tsallake su a zama guda.

Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne muƙamin Franchise da kuka ƙirƙiro a 2019, kuka fara ba Canelo Álvarez, sannan Vasyl Lomachenko. Ma'anarsa a aikace ita ce an sauke wa babban tauraro wajibcin fuskantar wanda ya zo na ɗaya a jeri, sai a miƙa kambun asali ga wani. Haka Devin Haney ya zama zakaran laba 135 ba tare da ya naushi mai kambun ba. Da Teófimo López ya doke Lomachenko a 2020, sai aka shiga musu: ya haɗa kambu huɗu ne ko uku? Hukumar da ta kasa ba da amsa ɗaya ga tambayar "wane ne zakaranku" ta bar aikin da aka kafa ta dominsa a 1963. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A soke wannan muƙami a rubuce, kada a bar ƙofar dawo da shi da wani suna.

Ba yau aka fara ba, ranka ya daɗe. A 1988 WBC ta ɗora kambu biyu, na laba 168 da na 175, a kan dambe ɗaya tsakanin Leonard da Donny Lalonde, aka sa Lalonde mai kambun 175 ya sauko 168. A 2010 Manny Pacquiao ya ci kambunku na laba 154 a kan Antonio Margarito bisa yarjejeniyar kada a wuce laba 150. Pacquiao gwani ne na gaske, amma ajinsa na takwas da ake ta ambato da wannan rangwame aka same shi. Kwatanta da Dick Tiger, wanda ya tashi daga 160 kai tsaye zuwa 175 a 1966, babu ajin 168 a tsakiya, bai cika laba 170 ba ya doke José Torres. Dokar da muke nema gajeriya ce: kambun aji a nauyin ajin ake cin sa, dambe ɗaya kambun aji ɗaya. Batun Graciano Rocchigiani kuwa ka fi mu saninsa. Ya doke Michael Nunn a 1998 aka kira shi zakaran laba 175, daga baya hukumar ta mayar wa Roy Jones kambun, kotu a Amurka ta yanke diyyar da ta haura dala miliyan 30, abin da ya kusa rufe WBC.

Kowa ya san daga ina ciwon yake. Hukuma na karɓar kusan kashi uku cikin ɗari na ladan 'yan dambe a duk karawar da kambunta ke kai. Yawan kambu yawan kuɗi, kuma tauraro mai cin miliyoyi ya fi ɗan jeri na ɗaya amfani ga asusu. Shi ya sa dokar kare kambu sau ɗaya a shekara da wanda ya cancanta take aiki a kan ƙanana ta tsallake manya. David Benavidez ya riƙe kambun riƙon ƙwarya na laba 168 tun 2022, bai taɓa samun Canelo ba, har ya gaji ya haura 175 a 2024. Jermall Charlo ya zauna da kambun 160 daga Yunin 2021 zuwa 2024 bai kare shi ba. A da wariyar launin fata da son kan masu shirya wasa ne suka hana Sam Langford damar neman kambun manya na duniya, suka hana Charley Burley ko da damar neman kambun duniya, suka sa Archie Moore ya jira shekara 17 kafin ya sami Joey Maxim a 1952. An ce an kafa hukumomi ne don kada a maimaita wannan. Gyaran ba wuya: wata 12 daga ranar cin kambu, wata uku na uzurin rauni da takardar likitan da hukuma ta zaɓa, idan wa'adi ya cika ba a sa hannu ba kambu ya zama ba kowa, na ɗaya da na biyu su kara. A kuma sa rufi a kan kuɗin da hukuma ke karɓa, ta yadda zakara mai tsada da mai araha ba za su bambanta sosai a idonta ba.

Ajin Bridger da kuka buɗe a 2020, daga laba 200 zuwa 224, hujjarsa ita ce manya sun yi girma da yawa. Akwai ƙamshin gaskiya, domin Marciano yana zakara ko laba 190 bai kai ba. Sai dai Deontay Wilder bai kai 215 ba a 2018 lokacin da ya kai Fury ƙasa sau biyu. Oleksandr Usyk kuma bai cika 224 ba ranar da ya hau sikeli a Riyad a Mayun 2024, Fury na da 262, Usyk ya ci. Da an killace shi a sabon ajin, da ba a ga wannan dare ba.

Wannan daren ne ya ba duniya zakaran manya guda ɗaya tilo karon farko tun Lennox Lewis a 1999, kuma cikin 'yan makonni Usyk ya ajiye kambun IBF saboda wa'adin hukumar ya ci karo da damben ramuwa. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai, amma kai ne mai muryar da za ta iya tara shugabannin huɗu. Abin da ake bukata jadawali ne a rubuce: wanda ya haɗa kambu huɗu zai kare su sau biyu a shekara, hukumomi na karɓa-karɓa wajen kawo ɗan takara, kuma babu wadda za ta tuɓe shi muddin yana bin layin.

Ba za mu ƙi faɗin alherin WBC ba. Bayan mutuwar Duk Koo Kim a Nuwamban 1982, sakamakon dukan da ya sha a hannun Ray Mancini har turmi na 14, mahaifinka José Sulaimán ne ya fara rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Wannan ya canja lissafin tarihi, domin a turmi na 13 Marciano ya kwantar da Jersey Joe Walcott yana baya a maki, a na 14 Leonard ya gama da Hearns shi ma yana baya. Duk da haka daidai aka yi, ba mu nemi a koma ba. Gwajin ƙwayoyi na ba-zata da kuka fara da VADA, ƙungiyar da ke gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, a 2016 ga 'yan 15 na farko a kowane aji shi ma abin yabo ne.

Awon nauyi ne bai gyaru ba. An mayar da shi jajibirin dambe don ɗan wasa ya sami lokacin mayar da ruwan jikinsa, sai masu wayo suka mai da shi hanya: a matse ruwa da ɗakin zufa da ƙin sha, a hau sikeli a bushe, a kwana ana ɗurawa. A 2000 Arturo Gatti ya yi awo a laba 141, washegari ya shiga fage da kusan 160, ya kwantar da Joey Gamache a turmi na biyu, Gamache bai sake dambe ba. Awonku na kwana 30 da 14 da 7 kafin wasa yana hana rama ta gaggawa, amma ba ya hana kumbura bayan sikeli. IBF na sake awo da safiyar dambe, ba a yarda a ƙara fiye da laba 10 ba. Ku ɗauki wannan, amma ku mai da shi kaso, domin laba 10 a jikin ɗan 112 ba ɗaya ba ne da laba 10 a jikin ɗan 175. A kuma wallafa nauyin kowa na daren wasa, mai auna gwanaye gobe ya san wane ne ya doke tsaransa, wane ne ya doke ƙaramin mutum.

Saura alƙalai. A Satumban 1993 a San Antonio, kusan duk wanda ya kalla ya ga Pernell Whitaker ya fi Julio César Chávez, aka ce canjaras, kuma kambunku ne a kai. A Maris na 1999 aka yi wa Lewis irin haka a karawarsa ta farko da Evander Holyfield. Alƙalin da makinsa ya saɓa wa na abokan aikinsa biyu a turmi huɗu ko fiye, a zaunar da shi gaban kwamiti da faifan wasan ya yi bayani turmi bayan turmi, a buga sakamakon kowa ya gani. Idan ya maimaita cikin shekara, a ɗauke shi daga damben kambu har sai ya sake zama jarrabawa.

Muna fatan za a sa waɗannan batutuwa a ajandar babban taronku na shekara, a kaɗa ƙuri'a a kan kowanne a bainar jama'a.

Allah ya taimake ka.

Daga wasu masu horar da 'yan dambe da masu bibiyar tarihinsa.