A sa ido kan farar ƙwallo: amsa ga masu tambayar me ake samu a wasan pul

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wasan da shafukan wasanni ba kasafai suke waiwaya ba, wato wasan pul, wanda yawancin mutane ke haɗawa da sunuka su kira su da suna ɗaya. Tambayar da ma'abota wasan suka fi sha ita ce: me ake samu a ciki? Mutum ya kwashe awa uku yana zagaya tebur da sanda, yana tura ƙwallaye cikin rami, a tattaro, a sake jerawa. Mu kuma mun saba cewa "sai ka buga za ka gane". Wannan amsar ba ta gamsar da kowa. A ganina wanda bai taɓa riƙe sanda ba zai iya fahimtar mafi yawan abin da ke jan mu, muddin aka nuna masa inda zai sa ido, kuma sakacinmu ne da ba ma nunawa.

A fara raba su tukuna. Teburin sunuka ƙafa 12 ne a tsawo, ƙwallayensa 22 kuma ƙanana ne. Teburin pul na gasa ƙafa 9 ne, filin bugawarsa santimita 254 a tsawo da 127 a faɗi, da ramuka shida. Ƙwallaye 15 ne masu lamba, sai fara ɗaya, kowace tana da faɗin milimita 57 da nauyin giram 156 zuwa 170. A wasan baƙar takwas, ɗaya ya ɗauki 1 zuwa 7, ɗaya 9 zuwa 15, wanda ya gama nasa ya jefa baƙa. A wasan tara kuwa, wanda ake bugawa da ƙwallaye 1 zuwa 9, dole farar ta fara taɓa mafi ƙanƙantar lambar da ta rage a tebur.

Mai kallo idonsa na kan ƙwallon da ta faɗa rami. Ɗan wasa tun kafin ta faɗa ya riga ya mayar da hankali kan inda farar za ta tsaya, domin a nan ne bugu na gaba zai fara. Duk wasan a nan yake. Shi ya sa idan ka ga gwani yana wasa za ka ɗauka sa'a ce ke binsa, kullum bugunsa mai sauƙi ne, ƙwallo kusa da rami, hanya a buɗe. Shi ya gina sauƙin da hannunsa tun bugu biyu ko uku da suka wuce. Wanda ke ta jefa ƙwallaye masu wuya daga wancan ƙarshen tebur, jama'a na tafi, galibi gyaran kuskurensa yake yi.

Ko jefawar ma ba ƙaramin aiki ba ce. Bakin ramin kusurwa a teburin gasa kusan santimita 11 da rabi ne, ƙwallo kuma ta cinye kusan 6 daga ciki, saura kusan santimita 3 a kowane gefe. Idan ƙwallon tana nesa da ramin da mita ɗaya, kaucewar da aka yarje maka ba ta kai digiri 2 ba, wanda ke nufin farar ta iso inda ake so da kuskuren da bai kai milimita 2 ba. Inda ake so ɗin ma ba shi ne wurin da ƙwallayen za su taɓa juna ba. Sai ka ja layi a zuci daga tsakiyar rami ya ratsa tsakiyar ƙwallon da za ka jefa, ka hango wata ƙwallo ta boge manne a bayanta a kan wannan layin, ka saiti tsakiyar ta bogen. Sabon shiga yana saitin wurin taɓawa kai tsaye, sai farar ta ci ƙwallon da kauri fiye da kima, ƙwallon ta bugi bango, wato gefen tebur mai roba, kafin rami. Zai maimaita sau ashirin yana zargin hannunsa, alhali saitin ne.

Yanzu ga yadda ake sarrafa farar. Abu uku ne a hannun ɗan wasa: inda kan sanda ya taɓa ta, ƙarfin bugun, da kaurin da ta ci ɗayar ƙwallon.

Idan farar ta iso tana zamewa a kan ƙyallen da ke shimfiɗe a tebur ba tare da juyi ba, ta ci ƙwallon a cike, sai ta tsaya cak a wurin. Idan ta ci ta a karkace, sai ta fice a kusurwar digiri 90 daga hanyar da waccan ta bi. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙi, da ita ake sanin ko farar za ta faɗa rami ko za ta kutsa cikin tarin ƙwallaye. Sai dai ƙyallen yana goga ƙasan farar tun daga tashinta, yana mayar da zamewar ta koma birgima. Saboda haka idan tazara ta yi tsawo, bugun tsakiya ba zai tsayar da ita ba, sai an sauko ƙasa da tsakiya ko an ƙara ƙarfi, yadda juyin baya zai ƙare daidai lokacin haɗuwa. Idan kuwa ta iso tana birgima sosai, ta ci tsakanin kwata zuwa kwata uku na ƙwallon, za ta kauce daga hanyarta ta asali da kusan digiri 30. 'Yan wasa na auna wannan da yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a ware su a ɗora bisa layin.

Bugun sama da tsakiya yana sa farar ta bi bayan ƙwallon. Bugun ƙasa yana dawo da ita baya, kuma shi ne wanda ya fi ba mai kallo mamaki, ya fi ba mai koyo wahala. Dalilan gazawarsa sanannu ne. Mutum ya saita ƙasa, amma lokacin bugu ya damƙe sandar ko ya sauke gwiwar hannu, sai kan sandar ya ɗaga ya taɓa tsakiya. Ko ya ɗaga gindin sandar sama maimakon ya saukar da hannun gaba ƙasa ya kwantar da ita. Ko ya ji tsoron yaga ƙyalle ya taka birki kafin sandar ta ratsa. Akwai kuma iyaka: idan aka kauce daga tsakiyar farar fiye da kusan milimita 14, fatar kan sanda ba za ta kama ba, sai ka ji wani ƙas, sandar ta zame, farar ta yi tsalle ko ta gangara gefe. Alli ana goga shi ne don wannan, kafin kowane bugu, a shafa shi a hankali a kan gefunan fatar, kada a murza kamar ana huda shi.

Bugun gefe ya fi duka rikitarwa, kuma ina ganin ana gaggawar koyonsa. Amfaninsa na gaskiya a bango yake: juyin dama yana sa farar ta baro bango ta karkata dama. Amma yana zuwa da matsala uku a lokaci guda. Ka bugi gefen dama, farar za ta fara kaucewa hagu kaɗan tun daga bakin sanda. Idan gindin sandar a ɗage yake kuma bugun a hankali ne, za ta lanƙwaso dama a hanya. Da ta iso, juyin zai ture ɗayar ƙwallon hagu da 'yan digiri. Yawan kowanne ya danganta da sandar, da nisa, da ƙarfi, da tsabtar ƙwallaye. Wanda bai iya tsayar da farar cak sau takwas cikin goma ba, bai kamata ya taɓa gefe ba tukuna.

Duk wannan yana faruwa ne cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, iya lokacin da fata ke manne da ƙwallo ke nan. Ba a gyara komai a cikinsa, sai abin da aka shirya. Shi ya sa tsayuwa ke da muhimmanci: a ɗora ƙafar baya bisa layin bugu, hannun gaba ya zauna daram da tazarar santimita 20 zuwa 25 daga farar, damtsen baya ya rataya a miƙe zuwa ƙasa lokacin taɓawa, riƙon ya zama sako-sako. A ja sandar baya a hankali, a ɗan dakata, ido a kan ƙwallon da za a jefa, a saki, a zauna a duƙe har ƙwallaye su tsaya. Ɗago kai da wuri don ganin sakamako shi ne kuskuren da ya fi yawa a kowane mataki. Gwajin miƙewar hannu kuma mai sauƙi ne: a buga farar ita kaɗai ta tsakiyar tebur zuwa bangon can, a bar sandar inda ta tsaya. Idan ta dawo ta taɓa kan sandar, hannu ya miƙe. Idan kullum tana dawowa ta gefe ɗaya, kana sa juyin da ba ka sani ba.

Kayan aiki ma suna da nasu hukuncin. Ƙarƙashin ƙyallen allon dutse ne mai kaurin inci ɗaya ko fiye, yawanci falle uku, ana daidaita su da ma'aunin ruwa a toshe mahaɗarsu da kakin zuma. Teburin da aka yi da katako yana lanƙwasa idan ya sha danshi, ƙwallo mai tafiya a hankali sai ta riƙa gangarawa gefe. Hancin robar bango ya kamata ya tsaya kusan milimita 36 daga ƙyalle, wato ɗan sama da tsakiyar ƙwallo. Idan ya yi ƙasa ƙwallo ta yi tsalle, idan ya yi sama ta mutu a jikinsa. Danshi yana rage gudun ƙyalle, dattin ƙwallaye yana ƙara turewar da na ambata. Wasu teburan da ake sa wa kuɗi suna da farar da ta fi sauran girma ko nauyi don na'urar ta gane ta, kuma da irinta bugun baya yana wuya ko ga gwani. Sanda kuwa tsawonta kusan santimita 147 ne, nauyinta giram 510 zuwa 600, kanta milimita 12 zuwa 13. Kada a jingine ta a bangon ɗaki kwana da kwanaki, za ta karkace. A birgima ta a kan tebur, idan kanta na ɗagawa yana sauka, ta tashi daga aiki. Fatar da ta yi sulɓi ba ta riƙe alli, sai an kankare ta kaɗan an mayar mata da kumburinta.

Wannan fatar ita ta sauya wasan gaba ɗaya. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 19, kuma daga nan ne aka samu damar juya ƙwallo yadda ake so. A 1835 masanin lissafin nan na Faransa, Gaspard Coriolis, ya rubuta littafi sukutum a kan lissafin motsin waɗannan ƙwallaye. A 1954, a garin Springfield na jihar Ohio a Amurka, Willie Mosconi ya jefa ƙwallaye 526 a jere ba tare da kuskure ba. A irin wasan da ya buga, ana jefa 14 a bar ɗaya, a sake jera 14 ɗin, sai a jefa wadda aka bari ta yadda farar za ta fasa sabon jerin. Ke nan tun daga tsakiyar kowane jeri yana zaɓar wadda zai bari da inda farar za ta tsaya mata, ya yi haka fiye da sau talatin. Shekara 65 wannan adadin ya yi kafin John Schmidt ya kai 626 a 2019. Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda ya ci kofin duniya na wasan tara a Cardiff a 1999, an fi girmama shi saboda yadda yake fitar da farar daga inda kowa ya ɗauka ta maƙale, ta bango biyu ko uku.

Akwai kuma bugun da mai kallo ke ɗauka gazawa ce. Ɗan wasa ya duba ya ga babu hanya mai tabbas, sai ya taɓa ƙwallonsa a hankali ya ɓoye farar a bayan wata, abokin karawa ya rasa ta inda zai bi. Doka ta ce bayan taɓawa dole wata ƙwallo ta faɗa rami ko ta taɓa bango, in ba haka ba laifi ne, abokin karawa ya ɗauki farar da hannu ya ajiye inda ya ga dama. Tsakanin gwanaye, wannan kusan daidai yake da faɗuwa a wasan. Saboda haka idan aka ga mutum biyu sun yi minti biyar babu wanda ya jefa komai, sau da yawa a nan wasan ya fi zafi.

Ban manta da abin da ake jingina wa wasan ba, caca da ɓata lokaci. Akwai wuraren da haka ke faruwa, kuma masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Amma babu caca a cikin dokokin wasan, mutane ne ke shigo da ita, kuma tana lalata koyo, domin wanda kuɗinsa ke kan tebur ba ya gwada bugun da bai ƙware a kai ba.

Abin da ba zan iya bayyana wa na waje da baki ba shi ne ma'aunin ƙarfi. Babu lambar da za ta gaya wa hannu yadda zai tura farar ta zagaya bango biyu ta tsaya a fili mai faɗin tafin hannu. Wannan sai maimaici, kuma daɗin da ake ji idan ta tsaya daidai inda aka hango mata, wanda ya buga ne kawai ya san shi. Sauran duk ana iya gani da ido. Shawarata ga duk wanda zai kalli wasa na gaba: da ɗan wasa ya duƙa, ka tambayi kanka wace ƙwallo zai nema bayan wannan, ka nuna da yatsa inda kake ganin farar ya kamata ta tsaya, sannan ka duba inda ya ajiye ta. Ina kuma roƙon jaridarku ta riƙa ba wannan wasa ɗan gurbi a shafin wasanni, ko da zanen tebur ɗaya ne a mako da tambayar ta ina za a bi.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karanta jaridarku, ma'abocin wasan pul