Na ce wa Baba tallafi ne, alhali bashi ne

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya saka maka da alheri kan wannan fili. Ina roƙon ka sakaya sunana da na garinmu, domin a ƙofar gidanmu ba a wuce shirinka. Mahaifina da kansa yake rataye rediyo a jikin darbejiya idan lokacin ya yi.

Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a wata jami'ar tarayya da ke Kano, ina karanta ilimin sinadarai. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, a bakin fadama, kuma ni ne na farko a zuri'armu da ya taka jami'a. Ni ne kuma ɗan fari, ka san abin da hakan ke nufi a wajenmu. Baba bai taɓa kama sunana ba, "yaron nan" yake cewa. Inna ma haka. Magana mai nauyi tsakanina da su sai ta bi ta bakin Baffa, ƙaramar magana kuwa ta bakin ƙanwata.

Sai na faɗa maka abin da ya same mu a 2022 kafin ka gane damuwata. A daminar shekarar Baba ya karɓi taki da iri bashi, a kan zai biya da kaka. Shinkafa ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Sai ambaliya ta zo, wadda ta cinye gonaki tun daga wajenmu har ƙasar Haɗeja, ko dami ɗaya ba mu ɗauka ba. Mai bashi ya yi haƙuri wata biyu, daga nan ya fara zuwa da asuba yana sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Da idona na ga Baba ya kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarmu biyu, ya ja shi zuwa kasuwar Gujungu. Da ya dawo bai ci tuwo ba. Ya tara mu ya ce, muddin yana numfashi, babu wanda zai ƙara cin bashi a gidansa, ko na allura ne. Ya kawo hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Tun daga ranar, ko an ce masa bashi hanji ne yana cikin kowa, sai ya ce ban da nasa cikin.

Na sami gurbin karatu a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Shekarar farko karo-karo aka yi mini. Inna ta sayar da tunkiyarta, Kawu ya ba da buhun gero, Baffa ya cika sauran. Da aka zo rajistar aji biyu kowa ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba, don babu ce. Har na fara tunanin ajiye karatun.

A lokacin ne, cikin watan Mayun 2024, aka buɗe shafin neman lamunin karatu na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance. Na karanta sharuɗɗan sosai kafin na cike. Babu kuɗin ruwa, ba a neman mai tsaya maka. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma, idan ya nema, ana ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Na shigar da lambar JAMB, da NIN, da BVN, Allah ya sa na dace.

A nan na yi kuskuren da ya hana ni barci. Da na je gida hutu, Baffa ya tambaye ni a gaban Baba yadda aka yi na yi rajista. Na buɗe baki zan ce lamuni ne, sai na tuna da san nan da aka ja zuwa Gujungu. Na ce, "Tallafin gwamnati ne." Baba ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya yi ta sa albarka. Rabon da na ga fara'a irin wannan a fuskarsa tun kafin ambaliya. Na kasa gyara maganar a ranar, na ce sai gobe. Yau fiye da shekara guda ke nan.

Ga yadda 20,000 ɗin take tafiya. Mu huɗu ne a ɗaki, tukunya ɗaya muke yi. Gero da wake da kuka da daddawa daga gida nake zuwa da su, su kuma su kawo shinkafa da taliya, amma duk da haka kowa sai ya zuba 7,000 na manja da gas da kayan miya. Data tana cin 3,000, don yanzu ko sanarwar lacca a waya ake turowa. Buga takardu, littafin gwaje-gwaje, sabulu da kuɗin adaidaita su kwashe wajen 5,000. Abin da ya rage shi ne ya kamata ya zama na ko-ta-kwana, na zazzaɓi ko na motar gida. To amma a gida an ɗauka albashi nake karɓa. Wata ba ya kaiwa goma sai ƙanwata ta kira: Inna ta ce a faɗa maka maganin hawan jininta ya ƙare. Ko kuma an yi haihuwa gidan Goggo. Ko ƙanina na buƙatar takalmin makaranta. Wallahi Malam ba sa roƙon abin banza, kuma matar da ta sayar da tunkiyarta saboda ni, da wane baki zan ce mata babu? Sai in tura 5,000, wani watan 8,000. Daga 20 ga wata zuwa ƙarshe, garin kwaki da ƙuli nake sha, wata rana sau ɗaya.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Asabar da Lahadi ina zuwa kasuwar Dawanau, ina taya wani ɗan garinmu tankaɗen riɗi da ɗinkin buhu. Idan kaya sun shigo nakan tashi da 3,000 a wuni, idan kasuwa ta kwanta kuɗin motar ma da kyar. Amma karatun sinadarai ba ya son raba hankali. Ranar Litinin ina shiga ɗakin gwaji jikina duk ciwo, ina gyangyaɗi. Matsakaicin makina, wanda ƙololuwarsa 5 ce, ya sauko daga 3.7 zuwa 3.2. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tallafi na gaskiya wanda ba a biya, irin na gidauniyar MTN da ake ba ɗaliban kimiyya, sai mai 3.5 zuwa sama. Neman dubu uku ya sa na rasa damar neman dubu ɗaruruwa. Na cike na hukumar tallafin karatu ta jiharmu, kuma abin da na samu shi na biya kuɗin ɗaki da shi. Abokai suna ta ja na zuwa manhajojin ba da rance na waya da cacar ƙwallo. Waɗannan kam na ƙi, don na ga wanda aka tura wa duk mutanen da ke cikin wayarsa saƙon cin mutunci a kan naira 15,000.

Na zauna na yi lissafi. Idan na ci gaba da karɓa har na gama, abin da ke kaina zai doshi naira 900,000. Ban taɓa riƙe ko rabin wannan a hannuna ba. Kuma wani ɓangare nasa ba karatu ya tafi ba, hidimar gida ya tafi, gidan da maigidansa ya rantse ba za a ci bashi a cikinsa ba. Wato ina ciyar da Baba abin da ya haramta wa kansa, bai sani ba. Wannan tunanin shi ya fi yunwar damuna.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne maganar ƙanwata. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, burinta ta karanta aikin jinya, ga shi duk yankinmu mata sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami mace a ɗakin haihuwa. A da an tsayar da magana za a yi aurenta bayan kaka. Amma kwanan nan Baba ya ce wa Baffa, tun da gwamnati ce ke biya har da kuɗin abinci, a ɗaga maganar, ita ma yaron nan ya cike mata irin nasa. Yarinyar nan ta kira ni tana kukan murna. Idan na faɗi gaskiya, ina tsoron ya ce a mayar musu da kuɗinsu ko da za a sayar da san da ya rage, ni in dawo gida, ita kuma a ɗaura mata aure. Idan na yi shiru, na jefa ta cikin bashi da ƙarya tare, kuma ranar da ya ji daga bakin wani ban san da wane ido zan kalle shi ba. Akwai 'yan garinmu biyu a wasu makarantu da suke karɓa, maganar ba za ta daɗe a rufe ba.

Don Allah Malam ka ba ni shawara. Ta wace hanya zan tunkare shi? In fara samun Baffa, ko limamin garinmu wanda Baba ke jin nauyinsa, ko kuwa kai maganar waje zai ƙara masa ciwo? In daina karɓar na wata-wata in tsaya a kuɗin makaranta kaɗai don nauyin ya ragu, ko da zan ƙara kwanaki a Dawanau? Ko in bar Dawanau ɗin baki ɗaya in dawo da makina? Kuma yaya ɗa zai ce wa mahaifiyarsa "wannan watan babu" ba tare da ya shiga haƙƙinta ba?

Sannan ina da roƙo ɗaya. Na karanta cewa dokar lamunin ta tanadi yafe bashin idan mutum ya rasu. Ina so ka yi bayani a iska, ko ka gayyato malamin da zai yi, kan matsayin irin wannan lamuni marar ruwa a addini, da ko hadisin nan na rataye rai ya hau kansa. Ka yi shi kamar kana magana da iyaye baki ɗaya. Zan je gida hutu nan da mako uku, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan dawo Kano da maganar nan a cikina ba. Baba yana jin maganarka. Idan ya riga ya ji daga bakinka, wataƙila ya saurare ni har in kai ƙarshe.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗanka,
wani ɗalibi daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa