Rahoton Kwamitin Gyaran Wutar Sola ta Asibitin Gari

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Kwamitin da kuka ɗora wa gyaran wutar ɗakin haihuwa da firijin alluran rigakafi yana sanar da ku cewa aiki ya kammala, wuta kuma tana kwana har asuba.

Da muka duba, farantan sola lafiyarsu ƙalau, wanki kawai suke so. Matsalar daga batura take, domin na mota aka sa tun farko. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, sai janareton motar ya mayar masa. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, in ana zuƙe shi kowane dare ba ya daɗewa. Batirin sola kuwa farantansa masu kauri ne, yana sakin wuta a hankali, a cika shi da rana a sha da dare.

Mun daɗe muna muhawara tsakanin na litiyam da na tubula, wato batirin sola na dalma mai ruwa. Litiyam ya fi ƙarko, ba ya son ƙarin ruwa, ana iya shan kashi 80 cikin 100 na cajinsa. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da aka tara, kuma in na'urar cikinsa ta samu matsala sai an kai birni. Muka tsaya kan tubula guda 4, kowanne 12V da 200Ah, aka jera su suka ba da 48V ɗin da inbatarmu, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ke buƙata. A lissafi kilowat-awa 9.6 ke nan, sai dai rabi ne kawai namu: batirin dalma in ana wuce rabinsa kullum, kwanansa raguwa yake. Don haka mai haɗawa ya saita inbata ta yanke wuta kafin a kai nan. Wasu sun so a haɗa da tsofaffin don a ƙara yawa, muka ƙi, domin tsoho janyo sabo ƙasa yake.

Kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ne a gini, kuma muna ganin ya cancanta. Zafi ne babban abokin gaban batir, ga bazararmu tana haura digiri 40. Mun fitar da baturan daga ƙarƙashin kwano, muka gina musu ɗaki mai silin da tagogi biyu masu fuskantar juna, saboda iskar da baturan suke fitarwa lokacin caji tana iya kamawa da wuta. An ɗora su kan katako.

Mun ba ma'aikaci guda alhakin duba ruwan batir duk wata, kuma tataccen ruwan batir kaɗai za a zuba, ban da na rijiya. Muna roƙon kada a jona dutsen guga ko hita. Rasitai suna hannun ma'aji ga mai son dubawa, ragowar kuɗin kuma an ajiye shi don sayen ruwa da goge farantan sola lokacin hunturu.