Zuwa ga ɗana mai shirin tafiya Elmina

Ɗana,

Assalamu alaikum. A bakin ƙanwarka na ji wai za ku Cape Coast da Elmina kai da abokanka. Ban hana ba, amma da a bakinka na ji da ya fi.

Ku bar Kumasi da an sallame asuba. Tafiyar ta haura kilomita 200, ta Assin Fosu har Yamoransa, kuma ba hanyar dare ba ce. Kasaru ta halatta gare ka, saboda haka ba ka da uzurin barin salla. Ghana Card ɗinka, katin shaidar ɗan ƙasa, ya zauna a aljihu, don kuɗin shiga gidajen tarihi na ɗan ƙasa daban ne da na baƙo. In ba ka san wanda ya yanka nama ba, dokunu, wato tuwon masarar nan, da kifi sun ishe ka.

Gidan Elmina, tsohon ginin tsaro na bakin teku, Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Can aka tsare sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a 1896. In an shiga da ku kurkukun bayi, ka rage murya, ka yi musu addu'a. Cikinsu akwai waɗanda aka koro daga arewa.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Teku ce. Kada ka shiga. Gaɓar can tana da gangare, taku uku ruwa ya kai ƙirji, igiya in za ta koma kuma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Inda ka ga ruwa ya lafa tsakanin igiyoyi, ya yi duhu, kumfa na tafiya ciki, nan ne mafi haɗari: ta nan ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa da ƙarfi. Wanda ruwan ya ja, in ya dage sai ya yi iyo kai tsaye zuwa gaɓa, gajiya ce ke kashe shi. Dabarar ita ce ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, in ya huta ya yi iyo ta gefe. Duwatsun gindin ginin ma gansakuka ce a kansu, igiya ɗaya ta ishi mai ɗaukar hoto. Ran Talata kuwa masunta ba sa fita, balle a sami jirgi kusa.

Na san halinka. Ana cewa "ba ka isa ba" sai ka tuɓe riga. Iyon Bosomtwi da kake taƙama da shi, tafki ne, kuma ba ka manta yadda aka ƙare ba. Kana cewa na cika takura. To, ni za a kira, ba abokanka ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare. Ka kira ni bayan magariba kullum, ko gaisuwa ce kawai. Mamanka ta ce ka taho mata da bandar kifi, ka naɗe a takarda kada ya jiƙe a leda.

Babanka